Ranar da Golanmu Ya Faɗi

A shekarun da nake magana, in kaka ta yi an gama yankan dawa, ba mu da abin yi da la'asar sai ƙwallo. Ni ban taɓa iya bugawa ba, amma duk inda ƙungiyarmu ta Mabai za ta je, ina cikin mota. Ƙanena da ke bi mani shi ne golanmu. Dogo ne siriri, ba ya jiran ƙwallo ta iske shi, fita yake ya tare ta a ƙafar mutum, kuma don haka ake son shi. Lokacin hanya lafiya lau take, mutum ya ratsa daji daga Kankara har Sabuwa ba abin da ke ranshi sai faci.

Wata Asabar aka gayyace mu wani ƙauye can bayan Daudawa. Muka cika a-kori-kura, 'yan wasa a zaune, mu 'yan kallo a tsaye riƙe da ƙarfe, mai kalangu a tsakiya. Filin na makarantar firamare ne, ƙasa mai tauri da tsakuwa, an ja layi da toka. Turakun gola na gora ne, babu raga. Babu shinge kuma, mutane ne shingen, duk sanda ƙwallo ta nufi gida sai mu 'yan kallo mu matso ciki, wasu dattawa su bi mu da tsumagiya suna kora mu baya.

Har aka dawo hutun rabin lokaci babu wanda ya ci wani. Suna da wani ɗan gaba gajere kakkaura, shi kaɗai ke sanye da takalmin ƙwallo na gaske, sauran daga mai kambas sai mai ƙafa tsirara. Aka buga masu kwana, ƙwallo ta faɗo ƙasa-ƙasa gaban gola. Ƙanena ya yi tsalle da kai gaba don ya rungume ta, ɗan gaban kuma ya taho a guje. Gwiwarshi ta haɗu da gefen kan ƙanena. Ina tsaye bayan turke, na ji ƙarar, kamar an buga ƙwarya da ƙasa.

Na jira ya tashi, don kullum tashi yake ya kakkaɓe wando. Bai tashi ba. Ƙwallon ta gangara waje, ba wanda ya bi ta. Da na isa na juya shi, idanunshi a buɗe suke amma farin kawai nake gani, jini kuma na fitowa a hankali daga kunnenshi. Na kira sunanshi, na girgiza shi, wani ya juye mashi buta a fuska. Ko motsi.

Mutane suka rufe mu har iska ta daina isowa. Na ji wani ya ce ya cika, maganar ta bi fili kamar wutar daji. Kafin in ɗaga kai mutanenmu sun tuge turken gola, 'yan gari kuma sun fara tsintar duwatsu. Direbanmu ne ya yi hankali, ya shigo da mota da baya har cikin fili yana danna oda. Muka ɗaga ƙanena muka shimfiɗa shi a baya. Na zauna na ɗora kanshi bisa cinyata, malamin makarantar da ke horar da 'yan wasanmu ya hau, ɗan baffana ma ya hau, direba ya ja.

Sai da muka fita gari na lura da na huɗu. Ɗan gaban nan ne. Shi ya riƙe ƙafafu sanda muka ɗaga, kuma bai sake su ba, yana durƙushe a ƙarshen mota. Ɗan baffana mutum ne mai zafin zuciya. Ya kalle shi, ya kalli takalmin, ya miƙe zai bugi kan mota don direba ya tsaya.

"Zauna," na ce mashi. "In motar nan ta tsaya, kai ka kashe ƙanena."

Ya zauna, amma bai ɗauke ido daga kan yaron ba.

Asibiti mafi kusa a Faskari yake, hanyar kuwa ta ƙasa ce, duk ramuka da sawun shanu da ya bushe. Kowane rami sai kan ƙanena ya ɗaga ya faɗo, na riƙe shi da hannu biyu kamar ƙwai. Numfashinshi ya koma minshari mai nauyi, ya ja, ya yi shiru, ya sake ja. Na ɗora tafina a ƙirjinshi ina jiran kowane ɗaya. Rigata ta jiƙe. Ban yi tunanin mutuwa kai tsaye ba, abin da ya riƙa zo mani shi ne ƙofar gidanmu, da yadda zan shiga in tsaya gaban innarmu ni kaɗai.

Wani wuri shirun ya yi tsawo. Ƙirjin ya tsaya ƙarƙashin hannuna. Malam ya sunkuyo ya fara karanta mashi kalmar shahada a kunne. Ban san sanda na ture shi ba, mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba. Malam ya ci gaba da karatun a hankali da leɓɓanshi kawai. Can sai ƙanena ya yi wata irin shaƙuwa, amai ya biyo. Muka juya shi gefe, malam ya sa yatsa ya share mashi baki, minsharin ya dawo.

Gaba kaɗan akwai rafi da ya ƙafe, sai yashi. Motar ta shiga ta kafe, tayoyi na juyawa wuri ɗaya, rana kuma ta yi ja. Ɗan gaban ya riga kowa dira. Ya tona yashi da hannu, ya kwaso karan dawa daga gonar gefe ya cusa ƙarƙashin taya, shi da ɗan baffana suka sa kafaɗa. Da motar ta fita direba bai yarda ya tsaya ba, gudun kada ta sake nutsewa. Ɗan baffana ya kama ƙarfe ya haye. Yaron ya biyo mu a guje, takalmin na zame mashi a yashi. Na ga ɗan baffana ya tsaya yana kallon shi, sannan ya miƙa hannu ya jawo shi.

Mun isa ana kiran magariba. Aka karɓe shi aka shiga da shi, aka bar mu a baranda. Da safe Baba ya iso a bayan babur, ko hula bai sa ba. Ya shiga ya daɗe, ya fito ya ce har yanzu bai farka ba amma yana numfashi da kanshi. Sannan ya ga baƙo a raɓe jikin bango da rigar ƙwallo, ya tambaye ni ko wane ne. Yaron ya matso ya durƙusa.

"Baba, ni ne na buge shi."

Baba ya daɗe yana kallon shi, ni kuma ina kallon hannun Baba.

"Da gangan?"

"Wallahi ƙwallo na bi."

Baba ya tambaye shi ko iyayenshi sun san inda yake. Ya ce a'a. Baba ya sa mai babur ɗin da ya kawo shi ya mai da yaron gida, ya ja mashi kunne kada ya bi ta inda mutanenmu za su gan shi.

Ƙanena ya buɗe ido bayan kwanaki. Bai tuna wasan ba, bai ma tuna mun hau mota daga gida ba, sai da muka ba shi labari. Kunnen nan bai ƙara ji da shi ba, kuma ya daɗe in ya sunkuya sai jiri ya kwashe shi. Bai koma gola ba. Yanzu yana da 'ya'ya manya, yana sayar da taki a Kankara, kuma ba ya fashin gidan kallo duk ranar Asabar. Yakan ja ni mu je tare, ya zaunar da ni ta gefen kunnenshi mai ji. Shi dariya yake yana zagin gola in ya maƙale a layi. Ni kuwa da na ga gola ya fito da kai gaba, ƙasa nake kallo har sai na ji an ci gaba da wasa.