Ɓangaren Yaya

Kwamfuta ɗaya muka haɗa ni da yayana. Shi ya raba cikinta biyu kamar gonar gado, kowa da manhajarsa. In an kunna sai ta tambaya ɓangaren wa za a shiga. Nawa na rubutun littafina ne, nasa kuwa ban taɓa leƙawa ba.

Bayan rasuwarsa ta fara iskanci. Da rana tsaka, ina zaune a zaurenmu na Shagari, sai ta mutu ta tashi da kanta, ta wuce ɓangarensa ba a ce mata ba. Hotonsa ya fito yana kallona, agogon ƙasan hoton ya koma baya da awa guda. Na yi a'uziyya na rufe ta, amma ina jin fankarta na huci a ciki.

Na kai ta Boɗinga wurin wani mai gyara, sarkin surutu. Ya yi dariya, ya ce zancen agogo ba aljanu ba ne, haka manhajojin biyu ke saɓawa. Da ya duba ciki sai dariyar ta ɗauke. Ya ce iyakar da ke tsakani ta lalace, ɓangarorin sun hau juna, duk ɓangaren da ya gyara zai danne ɗayan.

"Share na marigayi mana," in ji shi. "Mi za shi yi da shi?"

Na kira Inna a waya, don ba a raba gado ba tukuna. Ta ce, "Wanga wuri na ɗiyanai na. Ba a matsa iyakar marayu, ko a gona ko a ina."

Haushi ya kama ni, na so in yi mata gardama. Littafin nan ba ni da shi ko'ina sai nan! Amma na ce wa mai gyara ya share nawa, na fita na tsaya wurin masu albasa har ya gama.

Yanzu ba ta tambayar kowa. Ana kunnawa sai fuskar Yaya, da ɗan akwati fari yana jiran kalmar sirri. Na gwada sunayen 'ya'yansa, matarsa ma ta gwada nata. Da kalmar aka binne shi.