Tsiren Mai Sito

Abu biyu ne a gabana a shekarar: tsoffin mukayyif cike da sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda, da muƙamuƙina na hagu. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, su nake saye in gyara in sayar a unguwar Waziriyya, kuma wanda ya same su kafin zafi ya shigo ya gama da shekararsa. Muƙamuƙin kuwa ya daɗe yana ƙas-ƙas in na buɗe baki, ciwon na harbawa har cikin kunne.

Likita ta ce gaɓar ce ta gaji. Ta ba ni robar da zan riƙa sa wa haƙora in zan kwanta, ta ce in dinga gasa wurin da tawul mai ɗumi, in bar goro da duk abin da sai an tauna da ƙarfi. Na bi. Ko hamma da dabara nake yi. Sauƙi ya fara samuwa.

Mai siton wani dattijo ne haifaffen Jidda. Ba ya ciniki da wanda bai ci abincinsa ba, abincin kuma kullum tsire ne, busasshe kamar an gasa takalmi.

Na ce, "Baba, likita ta hana ni nama."

"Likitar ce za ta sayar maka da mukayyif? Yalla, ci, ɗana. Wani ɗan unguwar Ammariyya ya zo jiya, har takardar tsiren ya lashe."

Na ci. Shi kuwa miya yake kurɓa, don haƙoransa sun daɗe da yin ritaya. Ban gama ba wani abu ya motsa kusa da kunnena, baki ya ƙi buɗuwa fiye da shigar yatsa.

A nan ya faɗi farashi. Ciniki da shi yini ake yi ana ja, ana rantsuwa, ana tashi ana dawowa. Ni da ko tumatir ba na saye ban taya ba, sau ɗaya na ce a rage ta tsakanin haƙora, hawaye ya zubo. Ya ce ba ragi. Na miƙa hannu.

"Halas, an gama. Ka ga yaron kirki, ba surutu."

Kayan na sayar da su kaf, uwar kuɗi ta dawo ba ta haifi komai ba. Ciwon ya koma farko, na ƙare zafin shekarar a kan kunu, ina zuwa gashi asibiti. Abin da na samu yabo ne: dattijon ya baza a kasuwa cewa ni ba na jayayya, har yau duk mai sito da farashin sama yake tarbata.