Waken Gwangwani da Kakar Treichville

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina koyarwa a unguwar Williamsville, ban da ranar da wata tsohuwa ta zo hana ni tatsuniya.

'Yan aji ɗaya nake koyarwa, yawancinsu 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa, amma ka yi musu Hausa su mayar maka da Faransanci. Abin yana ci mini rai. Sai na yi dabara. Kowa ya kawo gwangwanin tumatir, muka cika da ƙasa, muka shuka wake, muka jera a tagar aji. Na ƙirƙiro tatsuniyar wata yarinya da ta binne ƙwayar wake a bakin teku, na kuma kafa sharaɗi: ba ci gaba sai wake ya yi sabon ganye, kuma da Hausa za a roƙe ni. Zo ka ga ban ruwa!

Ana nan sai ga kakar wata ɗalibata, tun daga unguwar Treichville a woro-woro, tasin haya, ranta a ɓace. Ta kira ni yadda yara ke kiran malama da Faransanci.

"Metires, ke ce mai tatsuniya da rana tsaka? Ba ki san mai yin haka ɓata yake a kasuwa ba? So kike jikata ta ɓata a kasuwar Adjamé?"

Dariya ta taso mini, na danne. Shugaban makaranta yana tsaye, kuma ya riga ya gaya mini cewa ranar da iyaye suka yi ƙorafi, darasin ya mutu.

Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya, na daina. Amma wake ba zai daina ganye ba. Jikarki za ta kawo miki gwangwanin gida, in an yi magariba ke ki ci gaba mata."

"Ni? Yarinyar da ko gaisuwa sai bonjur?"

Ranar na sallami kowane yaro da gwangwaninsa. Tagar aji ta koma wayam, ni kuwa na ce shi ke nan, na yi asarar wahalata.

Bayan wasu makonni sai ga Hajiya da safe, jikar na biye, gwangwanin a hannunta. Waken ya nannaɗe tsinken tsintsiyar da aka kafa masa, har da fure.

"Kin ja mini, 'yar nan," ta ce. "Kullum sai ta nuna mini ganye. Bari ki ji inda na kai yarinyar tatsuniyar taki. Jiya ta hau yaɗon waken, ta tsallake teku, sai ga..."

Jikar ta ja bakin zaninta, ta ce da Hausa garau, "Kaka, yi shiru, rana ce! Za ki ɓata a kasuwa!"

Hajiya ta toshe baki tana dariya, idonta ya kawo ruwa. Ni kam ban taɓa jin alfahari irin na wannan safiya ba. Tun ranar na koyi cewa in al'ada ta tare mini hanya, ba gardama zan yi da ita ba, aiki zan ba ta.