Ɗorawar Kaka a Gonar Baffa

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gidana a Gidan Igwai, maƙwabcina mai sayar da itace ya sa gatari a wani gungume, iska ta kwaso warin ta kawo mini. Ban ko tashi na duba ba, na san ɗorawa ce. Itacenta in an faskara yana da wani wari mai tsami-tsami, hancin da ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Na tambaye shi daga ina, ya ce shi ma bai sani ba, mota ce ke kawowa daga nesa. Ni da ban riƙe biro ba sai bayan na aurar da 'ya'ya, ba na ɓata takarda a kan abin banza. Amma wannan sai na rubuta muku.

A hannun kakata ta wajen uba na tashi, a wani gidan ƙasa da ke Ƙofar Marke. Mahaifina ɗan ci-rani ne, ya fi daɗewa a kudu a kan gida. Wansa, wanda muke ce wa Baffa, shi ke riƙe da gidan da gonar gado da ke bayan gari. Kaka kuwa daddawa take yi, da ita take sutura, da ita take biki, da ita take rufa wa kanta asiri ba ta jiran hannun 'ya'yanta.

A tsakiyar gonar nan akwai ɗorawa guda, babba, wadda mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinta. Gonar ta Baffa ce, ɗorawar ta Kaka ce. Yaran yanzu in na faɗa musu haka sai su yi dariya, wai yaya za a yi ƙasa ta wani, bishiyar da ke kanta ta wani. To haka abin yake a da. Uwar mijin Kaka ce ta bar mata ita da bakinta a gaban mutane, kuma ko da aka raba gado ba wanda ya sa ɗorawar a cikin rabo. Baffa ya noma geronsa har gindinta, amma ko kwanso ɗaya ba ya tsinka sai da izinin uwarsa. Yakan yi ƙorafi cewa inuwarta na hana gero yin zangarniya, Kaka ta yi kamar da bango yake magana.

Da rani take fure, jajaye, suna reto kamar tuntun hula, ƙudan zuma na ta kuka a kansu. In bazara ta yi, zafin Sakkwato ya kai inda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, sai 'ya'yan su nuna. Mu tafi da sassafe da gora mai ƙugiya, mu kaɗo, mu cika buhuna, bakinmu da hancinmu duk rawaya saboda garin da muke ta tsotsa. Ba abin da ake yarwa. Garin a sha, kwanson a jiƙa a yi makuba a shafe katanga da daɓe don ruwa kada ya ci su, ƙwayar kuma, wato kalwa, ita ce jarin Kaka.

Kalwa tauri gare ta kamar tsakuwa. Sai ta wuni ta kwana a kan wuta kafin ta yi laushi, a surfa ta da toka, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta ta ruɓa. Sana'ar daddawa sana'ar cin itace ce, wannan ba a ɓoye yake ba. Lokacin da na fara wayo, da mun fita bayan gari kaɗan muke samun kirare, busassun sabara da geza da kalgo, mu ɗauro mu dawo kafin rana ta yi zafi. Kaka tana da doka: ɗanye ba a taɓa shi. In ta ga ganye kore a cikin daminki, ranar kunnenki zai gaya miki.

Sai gari ya yi ta cika, murhu ya yi ta yawa. Inda muke zuwa mu dawo da hantsi ya koma sai azahar. Busasshe ya ƙare, mata suka koma saran ɗanye suna shanyawa. Ɗanyen ya ƙare, aka koma tonon saiwa da fartanya. Daga nan aka shiga ƙona karan gero da kashin shanu, abin da a da ake barin shi a gona ya zama taki. Gona ta rasa abin da za ta ci, ita ma ta rage abin da take bayarwa. In iska ta taso sai ka ga ƙasar gonar Baffa tana tashi tana tafiya, ba abin da zai tare ta. Duk muna kallo. Ba wanda bai gane abin da ke faruwa ba, amma tukunya ba ta tafasa da ganewa.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi. Abin da Baffa ya kai rumbu bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Ga matarsa da yara, ga mu da mahaifina ya bari, shi ma shiru ba aike. Aka koma tuwo sau ɗaya, ragowar yini a yi ta kwaɗon ganye. Masu faskare kuwa sun daɗe suna zagayar ɗorawar nan suna taya wa Baffa ita. Abu biyu ya tare su. Ɗaya, ba tasa ba ce. Biyu, ma'aikatan gandun daji sun hana saran bishiya mai rai, amma busasshiya ba ruwansu da ita. Don haka mutane suka samo dabara: a zagaye gindin bishiya da wuƙa a ɓare ɓawon, a bar ta a tsaye ta mutu da kanta, sannan a ce ai busasshiya ce.

Wata safiya muka je duba fure ni da Kaka, muka tarar an tara kara da ƙasa a gindin ɗorawar. Kaka ta tsaya tana kallo, sai ta sa sandarta ta ture. Ga shi nan, an zagaye ta kaf, faɗin tafin hannu, farin jikinta a waje, jan ruwa ya zubo ya daskare. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce in je in kira Baffa.

Ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Inna, masu magani na. Kin san ba su barin ɓawon ɗorawa."

Ta ce, "Mai magani gabas shika ɗiba, shi ɗebi yamma, shi bar ma icce hanyar ruwa. Tun kana goye nike ganin aikinsu. Wanga aikin mai son icce ya mutu na."

Ya shiga tona ƙasa da yatsa. Can ya ce, "To mi za ni ba yaran ga? Inuwa?"

"Da ka zo ka gaya mani."

"Da na gaya maki, kina yarda?"

"Ba ni yarda."

"To kin gani."

Iyakar maganar da na ji sun yi a kai ke nan har suka bar duniya.

Kaka ba ta saki ba. Ta sa muka kwaɓa laka da kashin shanu, ta shafe raunin da hannunta, ta yage tsohon zanenta ta naɗe. Kullum sai ta taka har gonar, ga tsufa ga zafi, ta yayyafa ruwa a kan lakar don kada ta tsage. Kuma a bazarar nan ɗorawar ta yi 'ya'yan da ban taɓa ganin irinsu ba, rassa har suna rinjaya. Na yi ta murna, na ce wa Kaka ɗorawa ta warke. Ta ce, "Ke ja'ira, yi ta kaɗo. Icce in ya ji mutuwa, duk abin da ke cikinshi shika zubowa."

Damina ta sauka, kowace bishiya ta yi kore, ita kuwa ganyenta ya fito ƙanana, ya yi rawaya, ya zube. Tun kafin lokacin girbi ya kama, ta bushe tun daga sama. Masu faskare suka zo da gatura, ba wanda ya hana su, ai busasshiya ce. Baffa ya karɓi kuɗin itacen ya auno hatsi, muka ci, ban ƙi ci ba, Kaka ma ta ci. Hatsin ya kai mu har sabon gero ya shigo, ba wanda ya mutu a gidanmu. Wannan ma gaskiya ce, ba zan ɓoye ta don labari ya yi daɗi ba.

Bisa al'ada mai bishiya tana da rabonta, don haka Baffa ya aiko da kayan jaki na faskaren aka sauke a ƙofar ɗakin Kaka. Matan gida suka yi cirko-cirko, ana jiran a ga ko za ta ce a mayar. Ta fito ta dube shi, ta dubi buhun kalwar ƙarshe da ta ajiye, ta ce mini, "Ɗauko tukunya. Hura." Da itacen ɗorawar muka dafa 'ya'yanta. Daddawar ta yi kyau ƙwarai, aka saye ta tas.

Daga ita Kaka ba ta sake ɗora kalwa ba. Ta gwada sayen ta kasuwa, ta ga in ta sayi kalwa ta sayi itace ba abin da ke saura. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa goro ba ta koma sai ɗanta ya ba ta. Baffa bai taɓa hana ta ba, yana kawowa da ladabi, ita kuma ta karɓa ba ta kallon fuskarsa. Gonar da aka ce inuwa ke hana ta, da inuwar ta tafi ba ta ƙara komai ba. Rairayi ya ci gefenta, daga baya aka yanka ta filaye.

Yanzu ina jin masu magana a rediyo suna cewa a wayar wa talakawa da kai, su daina sare itatuwa. Ba na musu da su, zafin da ake yi yanzu da guguwar da ke kwashe rufin mutane sun isa shaida. Amma kan Baffa a waye yake. Ya fi duk mai maganar nan sanin amfanin ɗorawa, da ita aka yi masa rigar sallarsa ta farko. Ya san abin da ta shekara da shekaru tana bayarwa ya fi abin da gatari zai ba shi sau ɗaya. Mutumin da yaransa ke kallon bakin murhu ba ya iya jiran baɗi, shi ke nan.

Inda gonar take yanzu gidaje ne na bulo da kwano, an shafe tsakar gida da siminti, rana na dukansu tun safe. Na shiga ɗaya daga cikinsu barkar suna kwanakin baya. Matan gidan sun ɗaura buhunan shinkafa da aka farke a kan sanduna don baƙi su sami inda za su fake, muka cunkushe a ƙarƙashi muna ta fifita da gefen mayafi. Wata yarinya a kusa da ni ta ce unguwar nan dai Allah bai yi ta da inuwa ba. Na dube ta, na ce mata ya yi.