Ranar da Muka Fitar da Mama Ganin Rawar Japanawa

Muna idar da sallar asuba na ce wa Mama ta shirya, yau sai ta ga gari. Wata shida da rasuwar Baba, wata ɗaya da zuwanta Greensboro ta Amurka daga Maraɗi, amma ko ƙofar gidanmu na titin Wendover ba ta taɓa leƙawa ba. Abinci sai da lallami. Kullum maganarta ɗaya: a mayar da ita gida. Ni kuwa tsoro nake ji in ta koma ita kaɗai, baƙin ciki ya ƙarasa ta.

Tafiyar minti ashirin ce, amma ƙanwata ta cika mota da guzuri kamar za mu Agadas. Muka bi ta unguwar Irving Park, gidaje manya-manya, ba kowa a waje sai masu yanka ciyawa. A cikin gari muka yi ta zagayawa muna kallon zanen bango da ƙarafan da aka lanƙwasa aka kafa a lambu. Mama ta daɗe tana kallon wani ƙaton ƙarfe, ta ce, "A Maraɗi da tuni maƙera sun yi murhu goma da shi." Kai, daɗi ya kama ni, don ita ce doguwar maganarta ta farko.

Bayan la'asar muka isa filin rawar Japanawa. Ganguna manya, mata da dogayen riguna masu faffaɗar ɗamara suna zagaye a hankali. Taliyar dala goma na saya, Mama ta ƙi taɓawa. Wata tsohuwa Bajapaniya mai raba fitilun takarda ta ce rawar ta tuna waɗanda suka rasu ce, ana rubuta sunansu a fitila. Ta tambayi sunan mijin Mama. Na gaya wa Mama da Hausa.

Mama ta ce, "Gaya mata shekara arba'in ban faɗi sunan Malam ba, ba yau zan fara ba. Addu'a nake masa."

Na fassara. Tsohuwar ta rusuna, ta ce ita ma mahaifiyarta har ta rasu "baban yara" take cewa. Sai Mama ta yi dariya, hawaye na zuba, ta kama hannun tsohuwar ta zaunar da ita kusa da ita. Taliyar nan tare suka cinye.

Mun dawo gida kafin magariba. Na gode wa Allah, kuma na gane kuskurena: abinci nake ta tura mata, alhali mutane take bukata. Muna hawa bene ta ce, "To, gobe kuma ina za ku kai ni?"