Yaya Habu da Maganin Aike

Da damunar nan Yaya Habu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ni ba likita ba ne, kuma ina tsoron ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Amma shirun ya fara yi mini nauyi.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne a Kaikai, in ya gama tasa gonar ya shiga ƙwadago a ta wasu. Da ƙarfin bayansa na yi karatu. Bayan nasa ne ya soma ciwo, abokan aiki suka nuna masa ƙwayar tiramol, wai ka sha biyu ka yi noman mutum uku. Daga biyu aka wuce.

Ƙaramin asibitin shiyyarmu ba shi da nisa, amma Yaya bai taɓa taka shi ba. Cewa yake wurin awon ciki ne da allurar jarirai, ƙato ba ya zama a bencin mata. Sai ya riƙa aika matarsa, Hinde. Ta je ta ce maigida ba ya barci, ba ya cin abinci, jikinsa na rawa. A ba ta maganin zazzaɓi ta kawo. Ta koma ta ce ya faɗi a gona yana shure-shure, a sake ɗauro mata wasu ƙwayoyin. Iyakar sanina, kuma na tambaye ta ba sau ɗaya ba, babu wanda ya taɓa cewa ta turo shi, balle a tambayi abin da yake sha. Faɗuwa ta ƙarshe a kan kunya ta same shi, fartanya na hannunsa. A zaman makoki mutane suka yi ta cewa iska ce.

Na san kwana ya ƙare. Na san ma'aikacin asibitin nan shi kaɗai ne, ga layi, ga zafi, wataƙila ma ba a koya masa yin irin wannan tambayar ba. Duk da haka raina na ɓaci. Yaya za a yi wa mutum magani shekara da shekaru ba a ga idonsa ba? Mu da muke cewa zuwa da kai ya fi aike, a kan lafiya ne kaɗai muka yarda aike ya wadatar?

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga an yi wa ginin asibitin fenti, an sa masa sola. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ya ce har yanzu dai na mata ne. Zai ga ƙwayar tiramol ta ƙara yawa, har na ji ana cewa wasu masu gona na haɗa ta da abincin 'yan ƙwadago, ko da yake ban gani da idona ba. Ba wani abu mai tsada nake roƙo ba: a ware wa maza lokaci, a rufe ƙofa, a tambaye su cikin mutunci tun ciwon baya bai zama shaye-shaye ba.

Hinde ta sake aure a Yashe. Da na je gaishe ta, ta tare ni da tsokanarta ta da: "Ɗan boko, har yanzu ana nazari?" Sannan ta gaya mini mijinta ma ya fara rashin barci, ya aike ta asibiti, ta ƙi. Ya yi fushi, ya daina cin tuwonta, har surukarta ta ce ta cika taurin kai. Na ce ko za ta ɗan sassauta, kada auren ya taɓu.

Ta dube ni ta ce, "Na yi wa yayanka aike har kabari. Wannan da ƙafarsa zai je."

Yaya bai bar dukiya ba. Ya bar mace guda da ba ta aikuwa, kuma ranar kasuwar da ta wuce an ga mijin nata zaune a bencin matan, ya sunkuyar da kai yana jiran layi. Allah ya jiƙan Yaya Habu.