Tuwon Sabon Dutse

Na zauna a Minna, na zauna a Kaduna, na zauna a Jos, amma in ka tambaye ni yadda tsakiyar ɗayansu take, sai dai in maimaita maka abin da aka gaya mini. Maigidana ne mai ganin gari. Tela ne shi, ni kuwa matar kulle. A zamanin Turawa ne, lokacin garinmu bai zama Suleja ba, Abuja ake ce masa, kuma motar da ke zuwa Minna ba kullum ake samunta ba.

Malam nake ce masa, kuma kada a ce na ɓata shi, mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Ciwonsa ɗaya ne: duk garin da ya je ya kwana biyu, sai ya dawo yana ganin can ne Allah ya ajiye rabonsa. Da an gama ɗinkin sallah sai ya ce zai je sayen zare da maɓalli, kamar a kasuwarmu ba a san zare ba. Ya sauka gidan wani abokin sana'a, a ba shi ɗakin baƙi, a yanka masa kaza, a zaga da shi gari. In ya dawo, zaurenmu ya cika da maza masu sauraro, ni kuma ina bayan bango ina niƙa, ina jin komai.

Ya iya ba da labari, wannan ba na hana shi. Minna, in ji shi, tasha ce ranta: jirgin ƙasa ya tsaya, mutane su zubo, kantuna a jere, kowa da ɗinkin da yake so kafin jirgi ya tashi. Kaduna kuwa tituna ne miƙaƙƙu, da fitilun lantarki a kan sanduna, da ma'aikata masu kaki waɗanda ba sa ciniki. Jos garin sanyi, kowa na neman kwat, leburorin kuza suna shigowa gari ranar biya kamar an buɗe wa tumaki garke. Wani dattijo a zauren yakan ce masa, "Malam, baƙo fa makaho ne ko da idonsa." Sai ya yi dariya ya ce gani ya kori ji.

Sai na yi bayanin dutsen niƙa, don yaran yanzu ba su san shi ba. Nawa uwata ce ta ba ni da aure, an girke shi a gindin bangon madafa an ɗaure shi da laka. Ya riga ya sha hannu, tsakiyarsa ta lotsa, in ya yi santsi in ɗan koɗa shi ya dawo daidai. Garinsa laushi. Sabon dutse ba haka yake ba. Sabon dutse yana zubar da tsakuwa a cikin gari, komai tankaɗenka, komai ƙanƙantar idon rariyarka. Watanni ake yi ana cin tuwo garas-garas kafin dutsen ya kwanta. Duk macen da ta taɓa sauya gari ta san wannan, don ba direban da zai ɗauki dutsen niƙa a motarsa.

Ranar da muka fara tashi, keken ɗinki ya hau mota, an naɗe shi da bargo kamar jariri. Dutsena ya zauna, na bar wa Inna, uwar Malam. Muka bi ta Izom, ina zaune can ciki a kan buhu, mayafi a fuska, tamfol a kaina, goyo a bayana. Da muka isa Minna na ji kukan jirgi, na ji hayaniya, aka ce ga tasha nan. Kafin in gyara zama in leƙa, an wuce.

Minna tawa katanga ce mai zafi da tsakar gidan haya. Na aiki wata tsohuwa ta sayo mini dutse wurin matan Gwari. Niƙan farko da na yi, na ɗanɗana tuwon na ji haƙorana sun yi ƙara. Na dubi akushin Malam, na ce mutum ya wuni yana taka keke, ba zan ajiye masa wannan ba. Sai na ɗebi dawarsa daban na je wurin matar ɗakin kusa da mu, mai tsohon dutse, na roƙi aro. Ta ba ni, da sharaɗin in niƙa mata tata tukuna. Zanen aro ba ya rufe katara: kana niƙa mai dutse na tsaye a kanka, ba damar ka yi na gida duka. Don haka na Malam kaɗai nake niƙawa a can, in tuƙa masa a 'yar tukunya. Ni da yara mu ci na sabon dutse.

A hankali dutsen ya kwanta. Na saba da matan gidan, na san wadda ake ba amana da wadda ake gaisawa kawai. Daidai lokacin da na fara jin ina da gida, Malam ya je Kaduna sayen zare.

A Kaduna akwai injin niƙa, na yi murna na ce wahala ta ƙare. Malam ya kai loma ɗaya ya ajiye, ya ce yana jin warin mai da ƙarfe, shi ba zai iya ba. Na sake sayen dutse, na sake neman mai ba da aro, wannan karon wata Banufiya mai faɗa, wadda in na niƙa mata sai ta murza garin da yatsa ta ce in sake. Fitilun da yake ta ba da labari, haskensu kawai na gani a saman katanga. Abin da na sani na Kaduna shi ne rigimar famfo, da tsadar itace, da hayaƙin murhu da yawa a tsakar gida ɗaya. Shi kuwa ya dawo da yamma yana cewa, "Yau da kin ga bakin kasuwa, mutane kamar ƙasa." In ce, "Allah sarki," in ajiye masa akushi.

Jos ce ta fi ci mini rai. Dutse da asuba a garin nan kamar ƙanƙara, hannuwana suka tsage, ina niƙa ina shafa man kaɗanya. A can ne wata tsakuwa ta fasa mini turmin haƙori. Malam ya ga kumatuna ya kumbura, ya sayo mini kanumfari, ya ce sanyin garin ne. Na ce haka ne. Ba tsoronsa nake ji ba. An koya mana cewa mace ta gari ba ta kai wa miji ƙarar madafa, ni kuma na ɗauki karatun da gaske fiye da kima.

Kuma a kowane gari abu ɗaya ke faruwa. Abokin da ya yanka masa kaza yana baƙo, da ya zama maƙwabcin shago sai fara'a ta ragu. Titin da ya burge shi ya zama hanyar zuwa aiki kawai. Sai in ga ya fara shiru, ya fara tambayar fatake labarin wani wuri. Da na ga haka na san in fara kallon tukwanena, wacce za ta iya tafiya, wacce za a bari.

Tsufan Inna ne ya dawo da mu gida. Ta aiko cewa idonta ya yi rauni, ba ta son ta mutu ɗanta na yawon duniya. Da na shiga gidan, kafin in kwance kaya, madafa na nufa. Dutsena na nan inda na bar shi. Na durƙusa na niƙa 'yar dawa, na tuƙa tukunya ɗaya, babba, kowa ya ci daga cikinta. 'Yata ta tsakiya, wadda aka haifa a Kaduna, tana tauna a hankali yadda ta saba, tana jiran tsakuwa, ba ta zo ba. Ta dube ni tana mamaki. Na juya baya don kada ta ga idona.

Muka zauna shekaru. Inna ta rasu a ɗakinta, muka yi mata abin da ya kamata. Na dasa lalle a bayan ɗaki, na sa kaji. Na yi zaton ciwon Malam ya warke, ashe kwanciya ya yi. Wata shekara bayan sallah ya ce zai je Kano.

Ya dawo yana ƙyalli. Zaure ya cika. Ina bayan bango ina jin Fagge, da Kantin Kwari inda yadi ya fi ƙarfin ido, da dalar gyaɗa, da teloli jere a rumfa ɗaya ba wanda ke rasa aiki. Minna ƙauye ce, in ji shi, Kaduna bariki ce kawai, Jos ta baƙi ce, amma Kano gari ne na zama. Hannuna ya tsaya a kan dutse. Ban ji haushi ba ma, gajiya na ji, irin wadda ke sauka har cikin ƙashi. Na ga motar, na ga tamfol, na ga kaina da furfura ina sallama a ƙofar wata baƙuwa ina roƙon aron dutse.

Da ya shigo ya ce, "Ki fara shiri. In an yi girbi za mu tashi."

Na ce, "To, Malam."

Akwai wata mata Bagwariya daga Maje da ke kawo mini itace, tana ɗauke da shi a kafaɗa yadda suke yi. Na ce ta samo mini sabon dutse, ƙarami, wanda ba a taɓa niƙa a kansa ba. Ta dubi nawa ta dube ni, ta ce me ya sami wannan? Na ce lafiyarsa lau. Ranar kasuwa ta kawo.

Na niƙa dawar Malam a kansa, na tankaɗe da kyau kamar yadda nake yi, ban yi mugunta ba. Na yi miyar kuka da man shanu, wadda ya fi so. Bayan magariba na ajiye masa, na zauna daga gefe, abin da ban saba yi ba. Ya kai loma ta farko. Na ji ƙarar daga inda nake.

Ya ce, "Me ya sami dutsenki?"

Na ce, "Ba abin da ya same shi. Tuwon Kano ne. Na ce gara ka fara ɗanɗanawa tun daga nan."

Ya tsaya yana kallona. Sai na gaya masa, ba da faɗa ba, don ba ni da ƙarfin faɗa. Na gaya masa matar Minna, da Banufiyar Kaduna, da 'yar tukunyar da nake tuƙa masa daban. Na buɗe baki na nuna masa gurbin haƙorin da ya ce sanyi ne. Na ce, "Malam, duk garin da muka je, kai baƙo ne, ana ba ka na baƙi. Mu ne muka zauna a garuruwan nan. Ni na gaji. In ka ce in tashi zan tashi, amma tukunya ɗaya zan riƙa tuƙawa."

Ya sunkuya ya ci gaba da ci, a hankali, yana tauna tsakuwar, har ya share akushin. Ya wanke hannu ya fita masallaci.

Da na ce a nan ya haƙura, da na yi ƙarya. Bayan girbi ya naɗe kekensa da bargo ya tafi Kano shi kaɗai, ya ce in ya kama wuri zai aiko a ɗauke mu. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ɗaure ko tsinke ba. Rani ya wuce ba aike. Ruwan farko ya sauka, sai ga shi da kekensa a kan ɗan dako, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Maza suka taru a zaure suna jiran labari. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Kano garin zuwa ne." Suka jira sauran, ba saura.

Ban yi murnar da na zata zan yi ba. Tausayi ya ba ni, don mutumin da labarin gari ne abincinsa, ga shi ya dawo bakinsa a rufe.

Kwanaki bayan haka, da hantsi, ina niƙa, ya shigo ya jawo kujerar tsugunno ya zauna kusa da madafa, wurin da ban taɓa ganin ya zauna ba. Ya daɗe yana kallon hannuna yana kai da komo. Can ya ce, "Wai ni kam, a cikin garuruwan nan da muka zauna, wanne ya fi miki kyau?"

Tun da muka yi aure, ranar ce ya fara tambayata. Na tsaya na yi tunani da gaske, don ina so in ba shi amsa. Na tuna katangar Minna, da hasken saman katangar Kaduna, da katangar Jos mai sanyi.

Na ce, "Ban ga ko ɗaya ba, Malam. Yaya Kaduna take?"

Ya buɗe baki kamar zai fara, yadda yake yi a zaure, sai ya rufe. Na ƙara dawa a kan dutse na ci gaba da niƙa, shi kuma bai tashi ba har na gama.